Kafin a Sa Mini Waya a Ƙwaƙwalwa

Unguwar Mahjar, Jidda

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, matata Sajida na gaishe ku.

Kada hankalinki ya tashi, amma muryoyin nan da nake ji a kaina ba su tafi ba. Magunguna sun ƙi ci, sai barci da ƙiba suke sa ni. Kafilina ma, wato maigidan da nake aiki ƙarƙashinsa, ya ce in huta da zuwa shago tukuna.

Yanzu likita ya ce za a iya sa mini siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, da ɗan batiri ƙarƙashin fatar ƙirji. Aikin na gwaji ne, bai yi alkawarin komai ba. Na ce, "Likita, muryar marigayi Babana fa? Ita kaɗai ce ba ta zagina." Ya ce, "Wallahi ban san wadda za ta rage ba."

Ki lallaɓa ki gaya wa Inna, ta sa mini albarka. Na amince a yi aikin, Yaya. Ranar Juma'a 'yata Najwa ta yi ta kirana a bakin ƙofa, ban amsa ba, na ɗauka cikin muryoyin ce.

Ƙaninki,
Rafi'u