Ranar da Muka Tashi Kabarin Baba

Zuwa ga Yaya Falaniko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Sieni da yara. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya sa sanyin Auckland ya ƙyale maka gwiwoyinka. Mu nan Salelupe lafiya lau. Inna tana nan da faɗanta, ka ga kuwa da sauran ƙarfi ke nan. Ƙanenmu Peniamina ya gyara rufin bukkokin da iska ta yaye, matarsa kuma ta kusa sauka.

Baƙi bana sun fi na bara yawa, bukkokinmu na bakin ruwa ba su kwana ba kowa ba tun farkon rani. Abin da ke kawo su bai canja ba. Su kwanta a farin yashi har fatarsu ta yi ja, su bi kunkurun teku da ninƙaya, su sa a jefa kwakwa a ramin dutsen nan na bakin teku don ruwa ya cillo ta sama suna ihu. Yanzu har kangon shagon Bajamushe, inda kakanninmu ke kai busasshiyar kwakwa a auna, ya zama abin ɗauka a hoto. Wata Baturiya ta tambayi Inna shekarun majami'armu, Inna ta ce ta je ta tambayi duwatsun ginin, ita dai ta san kakarta na cikin waɗanda suka kwaso su daga teku.

To, Yaya, maganar kabarin Baba ce ta sa na rubuto. Lokacin da aka binne shi a ƙofar gida, sai ka yi 'yar tafiya kafin ka taɓa ruwa. Bana in ruwa ya cika, har gindin simintin yake lasa. Baƙi kuma shanya tawul suke yi a kai, sun ɗauka dakali ne. Kowa ya yarda a mayar da shi tudu, bayan majami'a. Amma kai ke riƙe da sarautar gidanmu, ba a taɓa ƙashin mutum sai mai sarauta yana tsaye, ka kuma ce a jira ka zo Kirsimeti. Mu ma jiran bai yi mana nauyi ba, don ba mai son haƙa kabari baƙi na karin kumallo a gefe. Peniamina ya jera buhunan yashi a gaba, muka ce ya isa.

Makon jiya simintin ya tsage, ya karkata. Baffa Tuala ya zo ya duba, ya ce shi ba zai zauna jiran ɗan birni mai takalmi ba alhali ɗan'uwansa na jiƙa, sarautar da ke jin ɗumi a ƙasar wasu ba ta tare ruwa, in ka zo ka ci shi tara, alade ne dai ake biya, yana da su. Fasto ya yi addu'a, maza suka ɗaga murfin kabarin. Ashe muna ta tsaron ruwa ta gaba, shi kuwa ta ƙasa ya shigo. Ramin cike yake da ruwan gishiri, akwatin ya ruɓe, gefen da ke kallon teku ya zama kogo. Suka yi ta tace yashi da hannu da rariya har rana ta yi tsaka. An sami kai, da ƙashin hannu ɗaya, da 'yan haƙarƙari. Sauran kuwa ruwa ya tafi da su, ba mu san tun yaushe ba.

Ni da Goggo Faleula muka wanke abin da aka samu, muka shafe da man kwakwa, muka naɗe a ƙyallenmu na gargajiya na ɓawon itace. Goggo ta yi ta ƙara ninki, ta sa tabarmin da muka gada guda biyu maimakon ɗaya don ƙunshin ya yi kauri, tana ce mini in na kuskura na yi kuka a gaban Inna sai ta fasa mini baki. Inna tana cikin gida, don an hana ta zuwa bakin ramin. Da muka shigo da shi ta ce a ɗora mata a cinya. Ta ɗan ɗaga shi, ta sauke. Sai ta ce Baban Falaniko ya rame. Ba ta tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba, da yamma aka binne shi a tudu.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, jiran nan da mu aka yi shi, kuma abin ya tsaya mini a rai. Roƙona ɗaya ne: in ka zo, kada ka tambayi yadda aka same shi a gabanta.

Ka gaishe mini da Sieni, da Tasi, da ƙaramar Lupe. Baffa Tuala da Goggo Faleula suna gaishe ka, haka ma Peniamina da matarsa. Inna ma ta ce a gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Leitu