Kazar da ta manta ƙofa

Asabar, 2 ga Maris

Ajin mata ya cika yau. Na ce musu wanda ya karanta littafin Allah ya tsaya a zahiri, ɓawo ya ci ya zubar da ƙwaya. Rijiya a cikin ƙissa ba rijiya ba ce, zuciya ce. Matar tela ta ce to ruwan fa? Na ce ilimi.

Da yamma Yaya ya zo da hannunsa duk baƙin mai, wai Inna ba ta da lafiya, kanta ya fara juyewa, a kai ta wajen likita. Na ce ba inda za a kai ta. Uwar da ta raine mu da misali, yau don ta yi magana a dunƙule sai a ce ta rikice?

Talata, 5 ga Maris

Na je gidan Inna. Tana tsefe kai ta ce, "'Yar nan, wata tsohuwar kaza ce ta fita kiwo, ta dawo ta ga ƙofofi duk iri ɗaya."

Rai ne da ya yi nisa da Ubangijinsa, me kuma? Na faɗa mata haka. Ta dube ni, ta ci gaba da tsifarta.

Laraba, 6 ga Maris

Yaya ya ce, "Malama, ke ko atishawa aka yi sai kin fassara." Makanike ne, abin da sifana ba ta kama ba ai babu shi a wajensa. Ko a jikina.

Asabar, 9 ga Maris

Na kai misalin kazar Inna aji. Har da masu hawaye. Na ce ku ji tsohuwar da ɗanta yake son a rubuta mata ƙwayoyi! Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Matar tela kawai ta ce, "Malama, Innar tana fita ita kaɗai?" Gulma.

Lahadi, 10 ga Maris

Inna ta kawo wani sabo: mace ta ɗora tukunya, tukunyar ta yi fushi ta yi baƙi. Haƙuri ne idan an bar shi ba kulawa. Ko aure. Zan duba wanda ya fi zama.

Alhamis, 14 ga Maris

Mai shagon bakin titi ne ya kira Yaya. A tashar mota aka tsinci Inna, takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar mutane layin gidanta. Mai shagon ya ce ba yau aka fara ba, shi yake rako ta, ita ta roƙe shi kada ya faɗa mana.

A kicin ɗin Inna na ga tukunyar a bayan buhun gawayi. Gindinta ya ƙone har ya huje.

Yaya bai ce komai ba. Da ma ya yi faɗa, da na sami abin ramawa.

Asabar, 16 ga Maris

Ban je aji ba. Ciwon kai. Kuma har gobe rijiya zuciya ce, wannan ba wanda zai ƙwace mini.

Litinin, 18 ga Maris

Na bar Yaya ya karɓo katin asibiti. Don a rufe bakinsa ne kawai.

Bayan azahar ina yanke wa Inna farce, ta ce, "Wata mata ce, idan kowa ya watse sai ɗakin ya yi mata girma."

Fassarar ta zo mini har bakin harshe, mai kyau kuwa, da ta ishe ni darasin sati biyu. Na haɗiye ta. Na ce, "Inna, tsoro take ji?"

Ta ce, "Sai yau kika ji ni."

Na aika gida a ɗauko mini katifa da kayan sawa. Zaman kwana biyu ne kawai zan yi wajenta.