Haruffa Uku a Fayil Ɗin Binta

Zuwa ga matata Binta, Allah Ya haskaka makwancinki.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan rahama ta lulluɓe ki a inda kike. Shekara biyu ke nan da muka kai ki, kuma sai yanzu na iya karanta takardunki na asibiti.

Kin san girman kaina. Na zo Salford a nan Ingila na yi digiri na biyu a injiniyanci, na ƙare ina jan tasi har furfura ta fito, amma ban taɓa yarda wani ya fi ni Turanci ba. Shi ya sa da kika samu shanyewar ɓarin jiki, aka sallamo ki da takarda cike da gutsattsarin haruffa, na kasa cewa ban gane ba. Na ninke ta na sa a aljihu. Na ce ai muna da likita a gida, ɗanmu na fari da ke Birmingham. Shi ya ce a mayar da wasiƙunki adireshinsa, zai riƙa zuwa yana kai ki wajen gashin ƙafa.

Bara aka canza mini gwiwar dama. Matar da ke yi mini gashi ta ga ina jujjuya takardata, sai ta jawo kujera ta ɗauki biro. PWB, in taka amma kada in saki duk nauyina. ROM, iya inda gwiwar ke lanƙwasuwa. BD sau biyu a rana, TDS sau uku, PRN sai ciwo ya taso. Minti goma ta yi, Binta. Abin da na yi shekaru ina ɓoye jahilcina a kai.

Da na ga abin ba sihiri ba ne, na nemi fayil ɗinki wajen GP, likitan unguwarmu. A shafin gashi na ga DNA sau uku, duk ranar Talata. Na kai wa mai yi mini gashin. Ta ce ma'anarsa an ba mara lafiya lokaci bai zo ba, bai kuma kira ba. A ƙarƙashin na ukun an rubuta D/C: an cire ki daga layi.

Na tuna Talatocin nan. Kin yi wanka, kin yafa mayafinki mai ruwan toka, na durƙusa ina kokawar sa miki takalmi a ƙafar da ba ta ji. Kin zauna a kujerar bakin ƙofar flat ɗinmu na Whalley Range, jaka a cinya. Wajen ƙarfe goma waya ta shigo: "Baba, sun ɗaga, ka san yadda asibitocin nan suke." Ni kuma in yini ina zagin ƙasar.

Bas ɗaya ce daga ƙofarmu zuwa wurin. Da ya ce ba zai iya ba, da na kai ki.

Ƙafar ta sandare. Kika faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, ba ki sake tashi ba.

Kuma na yi imani kin sani. A Talata ta uku ba ki tambayi komai ba, kika cire mayafin kika ce, "Aikinsa da yawa." Kunyar ɗan fari ce. Shekara arba'in ba ki kira sunansa ba, ba ki yi masa faɗa a gaban mutane ba, balle ki ce ya yi ƙarya. Ni ma haka aka rene ni. To na daina. Sunansa Mustafa.

Na buga shafin nan kwafi goma sha biyu. Na ja layi da jan biro, na fassara kowane harafi da Hausa a gefe, kada wani ya ce bai gane ba. Na aika masa ɗaya. Na aika wa surukinsa a Sparkbrook. Sauran na raba wa dattawan da suka riƙe hannuna ranar ta'aziyya suna cewa Allah Ya ba ni ɗa nagari. Yana ta kira, ina kallon wayar har ta gaji. Surukin ya zo da kansa, wai a rufa asiri, mutane suna girmama Likita. Na ba shi shayi, na raka shi bakin ƙofa.

Ranar Alhamis za a yi mini gwiwar hagu. A fom ɗin akwai gurbin NOK, wato makusancin da za a kira idan abu ya ɓaci. Na soke sunan Mustafa. Na sa Malam Isa maƙwabcinmu, wanda matarsa ke kawo miki kunun gyaɗa. Idan ban farka ba, shi zai yi mini wanka, shi zai sa ni a rami. Mustafa ya ji a bakin mutane bayan an watse.

Na san abin da za ki ce, har da yadda za ki karkata kai ki kira ni Malam. Ina kewar wannan muryar fiye da yadda zan iya rubutawa. Laifina ma ina gani, ni da na ninke takarda don kada a ce ban sani ba. Ki yafe mini wannan.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya tashe ki da ƙafafu masu lafiya. Allah Ya sada mu. Idan na iso, ki bari in zauna kusa da ke tukuna kafin ki fara roƙa wa Mustafa afuwa.

Mijinki,
Sani