Gishirin da na ɓoye miki

Zuwa ga Innata, Hadiza ta Kalfu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa.

Inna, hassada nake yi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Wata malamar lakwal, wato makarantar boko, daga Damagaram ta tare kusa da mu nan Tawa, ita da tsohuwarta. Ranar da na shiga yi musu sannu da zuwa, na ga dasashin tsohuwar da layukan tafin hannunta sun yi baƙi, irin naki sak.

Malamar ta ce ciwo ne, an auna an gano. Wai akwai wasu ƴan tsoka biyu bisa ƙoda, su ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri ta fitar da tsamin jini. In sun gaza, gishirin ya bi fitsari, tsamin ya taru. Daga nan sai jiri, amai, rama da kwaɗayin gishiri. Tana lissafawa, ni kuwa ke nake gani.

Kin tuna bayan hawan jini ya ɗauke Baba, na hana gishiri a gidanmu? Ni ce mai boko, ni ce mai sani. Har na kama ki a garke kina lasar gishirin awaki, na yi miki faɗa gaban matan gida, na ɗauke shi na jefa cikin rumbu. Kika ce, "Ɗiyata, jikina ka biɗa, ba kwaɗayi ba na." Baƙin da kika yi muka ɗora wa ranar gona. Ba wanda ya auna ki, don haka ba ni da tabbas har abada.

Ita kuwa uwar malamar tana nan garau, tana sayar da ƙuli. Kullum ina jin su ta katanga suna cacar baki kan shan magani. Wallahi ko wannan faɗan ina ƙyashinsa.

Shekaranjiya malamar ta tafi Yamai, ta bar mini amanar tsohuwar. Na ɓallo ƙwayar maganinta, ko girman wake ba ta kai ba. Na daɗe riƙe da ita kafin na miƙa. Ta haɗiye, ta sa mini albarka, na kasa cewa amin.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya haskaka makwancinki, ya wanke mini zuciya, don gobe da safe ma ni zan kai mata.

Ɗiyarki,
Ramatu