Kwabon Cibiya Yana Nan Rurum

Zuwa ga ɗana Munzali a Fatakwal. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya, Allah Ya ƙara muku ita. Mu nan Rurum sai godiya, an kai gyaɗa gida. Maƙwabcina Malam Lukman ke rubutawa, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Saƙonka ya iso, cewa in aiko maka da kwabon nan mai huji na Iya, kakarku, ka tura wa masana a ƙasar waje su auna darajarsa, su liƙe shi cikin roba. Ubanka Baballe ya bi bayanka, kullum yana zaurena. Da ya ishe ni, sai na ce ya sa hularsa mu je kasuwar Kurmi wurin mai sayen tsofaffin kuɗi. In ya ce abin ya cancanci aikawa, na haƙura. Ban ɓoye maka ba, a mota addu'a nake ta yi kada ya ce ya cancanta.

Mutumin ya sa gilashi, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce tauraron ya shafe, shekarar ba ta karantuwa, zare ya cinye hujin, gefen kuma ya lotse. Wannan lotsewar tun ranar da ya faɗa turmi Iya ta daka shi da gero. Ya ce masanan ko lamba ba za su ba shi ba, wahalar banza ce. Wai yana ba ni haƙuri, ni kuwa dariya har da hawaye, Baballe yana ta gyaran hula. Mutumin ya tambayi abin da ya cinye shi haka, na ce cikin jarirai. Duk wanda aka haifa a gidanmu, da cibiya ta warke ana ɗaura masa shi don kada ta turo. An ɗaura mini, an ɗaura wa ubanka, kai ma ka kwana da shi, har ka yi masa fitsari.

Yanzu haka yana ɗaure a cibiyar jaririn ƙanwarka Zulaiha. Na ji matarka Murja na da juna biyu, Allah Ya sauke ta lafiya. Kwabo ba zai sake hawa mota ba. Ku kawo yaron.

Ka gaishe da Murja da ɗanka Amiru. Matata Huseina na gaishe ku, Baballe ma, ko da yake har yau bai waiwayo zaurena ba.

Baffanka,
Mato Rurum