Babu Fensir a Ƙarƙashin Pepina

Brooklyn, 3 ga Maris, 1987

Yaya Gilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya yara, ya sanyin Ohio?

Yaya, kin san kamfani zai fitar da littafin cika shekara talatin na Pepina, tattabarar nan mai ƙafa ɗaya, mai ɗaga mota da baki, ta cikin labarin zane na Kyaftin Bronzo. Da kyar na sa suka yarda a rubuta a bango cewa Baba, Aldo Bertucci, shi ya ƙirƙiro ta.

To jiya na kai musu ainihin shafin da ta fara fitowa. Wata mai tabarau ta ɗaga shi gaban fitila, wai Kyaftin da gine-gine duk akwai sawun fensir a ƙarƙashin tawada, amma tsuntsuwar babu ko ɗigo. Wai wanda ya bi zanen da tawada shi ya zana ta. Baba kuwa fensir kaɗai yake yi! Ban san sanda na daki tebur ba. Mutumin da ya ga tattabarar nan da idonsa a fagen yaƙi a Italiya, harsashi ya cire mata ƙafa, shi za a mayar ɓarawo yana kabari?

Wa ya yi tawadar? Babu suna. Ƙarshen wata za a buga littafin. Ki taimake ni.

Ƙanenki,
Rocco

Dayton, 9 ga Maris

Rocco sarkin zuciya,

Muna lafiya, na gode. Ka nemi kujera kafin ka ci gaba.

Wace Italiya? Baba a kicin ɗin soja na New Jersey ya yi yaƙinsa, da dankali. Ina zaune a wurin ranar da aka haifi Pepina, kai kana jariri kana tsala ihu kamar yadda kake yi har yau.

Mama ce ke bin shafukansa da tawada, a kan teburin cin abinci, miyar tumatir na tafasa a gefe. Ranar nan tawada ta ɗiga mata tsakiyar sararin saman zanen, ga shi ranar za a kai aikin. Ta ambaci uwar Yesu, ta ce, "Madonna!" Sai kawai ta ja fiffike nan, fiffike can. Tawadar ta gangaro layi ɗaya, shi ne ƙafar.

Edita ya gani ya yi ta murna, ya tambayi Baba, Baba ya ƙaga labarin yaƙi nan take. Kamfanin bai san mace na taɓa shafukan ba. Mama ta ce in rufe bakina, na rufe. Kai kuma ba ka taɓa tambaya ba.

Ka je ka gan ta. Ka gaida mai ɗakinka Loretta.

Yayarki a da, yayarka har gobe,
Gilda

Brooklyn, 16 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Shekara da shekaru ina faɗa da mutane a kan dankali!

Lahadi na je gidan tsofaffi. Mama ba ta gane ni ba, Aldo take kirana. Na ajiye mata takarda da burushi, na ɗiga tawada da gangan. Yaya, matar da ba ta iya riƙe cokali! Ja uku ta yi, sai ga Pepina tana kallona.

Sai ta waiga ƙofa, ta turo mini takardar, ta yi ƙasa da murya: "Sa hannu, Aldo, kafin su gani."

Na ce, "A'a, yau ke za ki sa."

Ta daɗe tana kallon burushin. Can ta rubuta sunanta, Nunzia, ƙanana-ƙanana, a ƙarƙashin ƙafar, ta kare shi da tafin hannunta.

Zanen nan na kai wa kamfanin. Kuka ya hana ni yi musu bayani.

Ki huta lafiya.
Rocco