Ɗan Farina Da Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi, Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ɗana na fari shekararsa sha shida. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna ana sonsa. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini, ni in ce masa "kai". Har yabona mata suke yi wai na iya kara. Da daminar nan tsohuwar ta rasu, yaron ya dawo hannuna, daga nan ya canza. Ya daina makaranta, ya daina ƙwallo, tuwonsa sai ya kwana a kwano, sai dai ya shiga ɗakin kakarsa ya zauna yana kallon bango. Babansa direban babbar mota ne, ba mazauni ba. Ni kuwa me na gani? Lalaci na gani.

Ranar da ake kwasar geronmu, sa'o'insa duk suna gona suna ɗaukar dammuna, na tarar da shi kwance da rana tsaka. Ina tuƙa wa 'yan gona tuwo, muciya na hannuna. Na ce tashi, bai motsa ba. Na hau shi da duka, baya, kafaɗa, ƙafa, ya sa hannu ya kare kansa, sai na ji ƙas. Wallahi bai yi kuka ba, kallona kawai yake, wannan kallon ya ƙara tunzura ni na ƙara masa. Da aka kai shi wajen mai ɗori na ce daga amalanke ya faɗo. Mai ɗori ya tambaye shi, ya ce, "Haka ne, daga amalanke." Har yau babansa haka ya sani.

Satin da ya wuce na zaga bayan rumbu, na same shi a tsugune da robar maganin feshi a hannu, ya buɗe murfin. Wace uwa ce ba za ta rungume ɗanta ba? Ni fizge robar na yi na jefar, na kwaɗa masa mari, na ƙara, na shaƙe wuyan rigarsa ina buga shi da jikin rumbu, ina cewa so kake ka ja mana abin kunya a gari, har leɓensa ya fashe. Tsoro ne ya cika ni, amma ta hannu ya fita. Da na gaji na sake shi, ya share jinin ya ce, "Yaya, tun da Inna ta rasu ban ƙara jin sunana a bakin wani babba a gidan nan ba. Ke kin ma san shi?"

Ƙanwata ta raka mu asibiti. Likitar ta ce ciwon damuwa ne, ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne. Ta ba da magani, ta ce kada a bar shi shi kaɗai. Ta tambaye shi, "Akwai wanda kake tsoro a gida?" Ya dube ni ya ce, "Babu." Ta juyo ta ce, "Ke ce uwarsa, ki riƙa zama da shi kina jansa da hira." Na ce to, kaina a ƙasa.

Na kwashe magungunan feshin daga gidan, ina ba shi nasa maganin a kan lokaci, amma hirar ta gagare ni. Ina sonsa, wallahi ina sonsa, ban san ta inda ake faɗa ba. Jiya na kai masa kunu, sunan yana kan harshena, na ɗaga hannu zan dafa kafaɗarsa, sai ya zabura ya kare kansa da hannun da na karya.

Shin in faɗa wa babansa da likitar gaskiya? Ta yaya uwa take roƙon gafarar ɗan da ko sunansa ba ta iya furtawa? Ina tsoron ranar da zan fara kiran sunan nan ya zama a kan gawarsa ne. Don Allah, me zan yi?